Alheri ba lada ba ne

Ɗan'uwa, ka ce shekara biyu rabonka da sujada, kana tambaya ko sai ka gyara halinka tukuna Allah zai karɓe ka. A'a, ka zo yadda kake. Alheri kyauta ne, ba ladan aiki ba ne, haka Bulus ya rubuta a Afisawa 2:8-9. Da a ce sai mai tsabta ake karɓa, da benci ya zama wayam ranar Lahadi.

Sai dai alheri ba ya barin mutum inda ya same shi. Ni a kasuwar Garwa nake sayar da masara, na daɗe ina awo da mudun da na bubbuga gindinsa. Bayan na tuba ba wanda ya ce mini uffan, amma barci ya ƙaurace mini har sai da na bi wata tsohuwa mai ƙosai da na tauye wa awo har gida da buhu guda. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Ka duba Zakka mai karɓar haraji a Luka 19: Yesu ya fara shiga gidansa, daga baya ne Zakka ya yi alkawarin mayar da ninki huɗu ga duk wanda ya zalunta.