Kusurwar Bakanike: An zuba wa AC gas sau biyu, sanyin bai daɗe ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Toyota Corolla ƙirar 2004, 'yar Kwatano. Tun shigowar bazara sau biyu ana zuba wa AC ɗinta gas. Sai ta yi sanyi mako biyu ko uku, ta koma busa iska mai zafi. Yanzu wani ya ce in canza kwamfaresa. Ina mafita?
Daga wani mai karatu a Sakkwato

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ka riƙe kuɗinka tukuna. Kwamfaresa shi ne famfon da ke tura gas ɗin AC, kuma wanda ya mutu ba zai ba ka sanyi na mako uku ba. Abin da ke damun motarka yoyo ne. Gas ɗin AC ba fetur ba ne da mota ke ƙonawa, zagayawa yake yi a rufe cikin bututu. In ya ƙare cikin kwanaki kaɗan, akwai inda yake fita, kuma duk wanda ya zuba maka bai nemo wurin ba ya cuce ka.

Ka fara dubawa da kanka. Buɗe bonet, ka bi tiyon AC da mahaɗarsa da ido. Gas ɗin yana tafiya tare da mai, don haka wurin yoyo yakan yi maiƙo, ƙura ta manne ta yi baƙi. A tsofaffin motoci na fi kama shi a 'yan zobban robar da ke mahaɗa, waɗanda zafi ya busar, sai kwandensa, wannan mai kama da lagireto da ke can gaba, wanda tsakuwar hanya ke hudawa. Bara aka kawo mini irin motarka, mai ita har ya yi cinikin kwamfaresa a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano. Na shafa ruwan sabulu a bakin bawul ɗin da ake zuba gas, sai ga kumfa tana tashi kamar ana hura ta. Ɗan ƙaramin bawul muka canza, magana ta ƙare. In sabulu bai nuna ba, ana zuba wani rini a cikin bututun, wanda ke haske a wurin yoyon idan an haska shi da tocila ta musamman. In nan ma shiru, to mai yiwuwa yoyon na cikin dashbod, wajen ifaforeta, wato inda iskar ke yin sanyi kafin ta huro cikin mota, aikin kuma yana da cin lokaci.

Bayan an toshe yoyon, kada ka yarda a zuba gas kai tsaye. A sa injin zuƙe iska na kamar minti 30, sannan a kashe a zuba wa geji ido. In allura ta motsa, da sauran yoyo. Iskar waje da danshi in suka zauna a ciki suna rage sanyi, suna kuma cin bututun. In an daɗe da buɗe tiyon, a canza diraya, wato abin da ke tsotse danshi daga gas ɗin.

Motarka gas mai suna R134a take sha, wanda ya maye gurbin tsohon gas R12 a motoci wajen 1994. Akwai 'yar takarda a ƙarƙashin bonet da ke faɗin giram nawa za a zuba; a auna da sikeli, domin gas in ya yi yawa shi ma yana hana sanyi, ya wahalar da kwamfaresa. Ka ga gwangwanin da idonka. Ina jin takaici sosai in na ga an zuba wa mota R22 na AC ɗin gida, ko gas mai araha da aka gauraya da na girki, wanda ke iya kama wuta.

Abu na ƙarshe, tunda a Sakkwato kake: in ka lura tana sanyi a kan babbar hanya amma ta ɗumama a cunkoso, ka duba fankar gaban injin ko tana juyawa idan an kunna AC. Ka kuma wanke kwandensa da ruwa a hankali, ƙurar hunturu tana toshe shi. Ka rubuto mini abin da sabulun ya nuna.