Mujiyar da ta ƙare da laimar kwaɗin da ta bazu

Tambaya: Malam, a darasin ilimin halittu an ambata mana wata mujiyar tsibiri da ta ƙare ƙurmus, da wata laimar kwaɗi ta daji da ke ta yaɗuwa. Yaya tsuntsu mai fiffike da farce zai ɓace, abin da ko motsi ba ya yi ya wanzu? Daga wata ɗaliba, unguwar Zariya, Maraɗi.

Amsa: Ƴata, mu ɗauki mujiyar tsibiran ƙasar Niyu Zilan, wadda kukanta ke kama da dariyar mutum. Ta ƙarshe da aka tabbatar da ita, gawarta aka tsinta a yankin Kantabari a shekarar 1914. Kafin zuwan ɗan Adam, tsibiran ba su da wata dabbar tudu mai shayarwa in ban da jemage, shi ya sa take saka ƙwayayenta, galibi biyu, a ƙasa cikin tsaguwar duwatsu ba tare da fargaba ba. Da Turawa suka kawo kyanwoyi, sannan a shekarun 1880 suka saki wasu dabbobi masu kama da tunku don su rage musu zomaye, sai sheƙar ta zama akushi a buɗe, ga kuma teku ta kewaye ta ko'ina.

Laimar kwaɗin nan mai jar hula da fararen ɗigo, wadda masana ke kira Amanita muscaria, ita ma mutane ne suka kai ta can, manne da saiwoyin itatuwan da suka ɗauko daga ƙasashen arewa. Abin da ido ke gani ɗan tsiro ne na ƴan kwanaki, kamar waɗanda ke ɓullowa a gindin itace bayan ruwan Agusta. Ainihin jikinta siraran zaruruwa ne a cikin ƙasa, suna ba saiwa ruwa da ma'adinai, suna karɓar abincin da ganye ya sarrafa, kuma hula guda tana sakin ƙurar iri miliyoyi cikin iska. Yau har ta kutsa dazuzzukan asali na ƙasar. Dafi gare ta, ba a cin ta.

Abin da ke damuna shi ne hannu ɗaya ya yi aikin biyu, kuma mai ƙwai biyu ce ta biya. Nan gida ma ina ganin yara suna jifar mujiya wai mugun tsuntsu ce, alhali ita ke kwana tana kame ɓerayen da ke ɓarnar gero a rumbunanmu.