Charger ƙirar 1969 da tsatsa ta ci: a gyara ko a haƙura?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Kolombus, jihar Ohayo ta Amurka. Mahaifin wani abokin aikina yana da mota Dodge Charger ƙirar 1969 a rumfar gonarsa, ta fi shekara 30 ba a tayar da ita ba. Ya ce R/T ce, wato samfurin Charger mai babban inji, irin wadda ba kasafai ake samu ba, kuma zai sallama mini a dala 20,000. Da na buɗe but sai na hango ƙasa ta cikinsa, gindin ƙofofi ma duk ya ɓule. Raina ya biya ƙwarai. Shin kwalliya za ta biya kuɗin sabulu? Kuma in na saya, ba gara in tura ta Kano a gyara da araha ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ajiye maganar tsatsa tukuna. Mu fara da "R/T ce" ɗin da dattijon ya faɗa, domin ita ce ke yanka farashi, kuma ba a cinikin biri a sama. Tambarin R/T da ke manne a jikin mota kowa na iya saye ya ɗaura da ƙusa biyu. Shaidar gaskiya tana kan ɗan farantin ƙarfe da ke saman dashbod, ɓangaren direba, wanda ake hangowa ta gilashin gaba. Lambar shasi ce, haruffa da alƙaluma 13, ba 17 irin na motocin da aka ƙera daga 1981 ba. In ta fara da XP29, Charger ce ta gama-gari. In ta fara da XS29, R/T ce. Harafi na biyar shi ne injin da ta fito da shi daga masana'anta: L na nufin 440 Magnum mai ƙarfin doki 375, wanda shi ne aka saba sa wa R/T, J kuma 426 Hemi mai doki 425. F ɗan ƙaramin 318 ne. Na shida zai zama 9, wato shekarar 1969.

Daga nan za ka gane cewa "ba kasafai ake samu ba" hawa-hawa ne. An ƙera R/T kimanin 20,000 a waccan shekarar, masu Hemi a cikinsu 'yan ɗaruruwa ne kawai. Charger Daytona mai dogon hanci da fiffike a baya, wadda aka yi don tseren motoci na NASCAR, guda 503 ce. Masu Hemi da Daytona ko ƙasusuwansu aka tono daga cikin laka akwai mai biya. R/T mai 440 mota ce mai daraja, amma ba ta kai inda za a ce duk abin da aka kashe mata zai dawo ba.

Buɗe bonet ka duba ɓangaren direba, za ka ga wani faranti da aka ɗaure da sukurori, cike da lambobin launi, kujeru da giya. Ka nemi wutsiyar lambar shasin a wasu wurare kuma: a ƙarfen da ke riƙe da lagireto, a leɓen but ƙarƙashin robar da ke tare ruwa, da gefen injin ta ƙasa kusa da kaskon mai. In duk sun dace, injinta na asali ne, kuma masu saye a gwanjon Mecum da Barrett-Jackson kan wannan suke ƙara kuɗi. Ka ɗaga kujerar baya a hankali, domin wani lokaci ana tarar da takardar da ta bi motar a layin haɗawa maƙale cikin wayoyin kujera, in ɓeraye ba su riga ka ba. Kada ka ja ta da ƙarfi, ta zama kamar busasshen ganye.

Yanzu tsatsa. Mu da muka taso a Arewa ba mu san ta sosai ba. Peugeot 504 ɗin da aka haɗa a Kaduna takan shekara 40 fenti ya ƙone amma ƙarfe na nan garau, saboda iskarmu busasshiya ce. A Ohayo kuwa gishiri ake watsa wa titi duk lokacin sanyi don ya narkar da ƙanƙara, kuma ruwan gishirin nan shi ke shiga lungunan mota ya kwana. Ƙari a kan haka, Charger ba ta da shasi daban da ake ɗora jiki a kai. Jikin ne ƙashin bayanta, an haɗe su da walda. Saboda haka tsatsa iri biyu ce a wurinta: ta fata da ta ƙashi.

Abin da ka gani a but da gindin ƙofofi ta fata ce, kuma bai tayar mini da hankali ba. Kusan kowace Charger ta wannan zamanin haka take. Gilashin bayanta a loɓe yake tsakanin ginshiƙai biyu, ruwa ya taru a gindinsa, ya ci ƙarfen, ya riƙa ɗiga cikin but shekara da shekaru. In tana da rufin leda a samanta abin ya fi muni, don ledar riƙe danshi take yi. Kamfanoni irin su Auto Metal Direct suna buga sabon ƙasan but, daɓen ciki da gefunan baya, sai dai a yanke a sa.

Ta ƙashi ce abin tsoro. Ka tafi da tocila, sukudireba da maganaɗisu, ka sa tsohuwar riga don kwanciya za ka yi. Kada ka shiga ƙarƙashinta tana kan jak kaɗai, ruɓaɓɓiyar mota takan lotsa. Nemi dogayen ƙarafa biyu da suka bi ta ƙarƙashin but, inda sifirin ɗin baya ke kamawa, ka soka sukudireba da ƙarfi. Ka yi haka a ƙarfen da ya gitta ƙarƙashin kujerun gaba, wanda sandunan da ke ɗauke da nauyin gaban motar suke shiga cikinsa. Ƙarfe mai lafiya ƙara yake yi, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji ɓurum, ɓawo ya zubo maka a fuska. Duba gindin gilashin gaba da inda ƙofofi ke rataye. Sannan ka buɗe ƙofa ka rufe. In sai ka ɗaga ta take shiga, ko ratar da ke tsakaninta da jiki ta tsuke a sama ta buɗe a ƙasa, wataƙila motar ta fara lanƙwashewa a tsakiya. Maganaɗisun kuma na gano fila ne: duk inda ya ƙi kamawa, wani ya taɓa cike rami ya shafe da fenti.

Na taɓa tsayawa a kan wata mota da muka yi zaton gefe ɗaya kawai za a canza mata. Da aka kai ta wurin feshin yashi aka kankare fenti, sai ta dawo kamar rariya, haske na ratsa ta ko ta ina. Tun daga ranar, duk tsatsar da ido ya gani nakan ɗauka wadda ke ɓoye ta fi ta yawa.

Lissafin kuɗi ba ya buƙatar dogon bayani. Cikakken gyara, daga kwance ta ƙusa-ƙusa har fenti, yakan haura awa 1,000. A ce gareji na karɓar dala 100 a awa, ka ga dala 100,000 ke nan kuɗin hannu kawai, ba a sayi ko taya ba. Ga inji, giya, birki, wayoyin wuta da kujeru. Ƙananan kaya ma suna cizo: ragar gaba ta roba mai ɓoye fitilu da ƙarafan ado masu sheƙi suna da tsada, don haka motar da kayanta ke cikakke ta fi wadda aka wawushe nesa ba kusa ba. Shiga jadawalin farashin kamfanin Hagerty ka ga nawa gyararriyar R/T irin wannan take a yau, ka cire kuɗin gyara. Abin da ya rage shi ne iyakar abin da za ka ba dattijo. Sau da yawa sayen wadda wani ya riga ya gyara ya fi sauƙi, sai fa in ka iya walda da kanka kuma kana da gareji da haƙurin shekaru.

Takardar mallaka kuwa babu sassauci a kanta. A Ohayo mai sayarwa yana sa hannu ne a gaban jami'i mai hatimin shaida, kuma lambar da ke takardar dole ta zama ita ce a dashbod. In wani ya ba ka shawarar cire farantin lambar ka liƙa wa wata Charger mai lafiyayyen jiki, ka guje shi. Sauya lambar shasi babban laifi ne a dokar tarayyar Amurka.

Batun Kano ban goyi baya ba. Masu fanalbita namu gwanaye ne, amma duk ƙarfe da ƙusar da za su buƙata daga Amurka za a aiko, ga kuɗin jirgin ruwa da kwastan, ga ƙa'idar shekaru a kan tsofaffin motocin da ake shigarwa Najeriya. Masu sayenta kuma suna nan inda kake, kuma hotunan kowane mataki na aikin za su nema.

Ga yadda zan yi in ni ne. In XS29 ce, lambobi sun dace, takarda na nan, ƙarafan baya da na tsakiya sun ƙi sukudireba, zan biya wanda ya san motocin Chrysler, kamfanin da ya ƙera Dodge, na wancan zamanin ya sake duba ta, sannan in zauna ciniki, in kira janwe. In ƙashin ya ruɓe kuma harafi na biyar L ne, sai dai dattijo ya sauko sosai. In J ka gani, kada ka bar gonar sai ka ba da kafin alƙalami. In kuwa XP29 ce da F, ka gaishe da dattijo da kyau, ka sha shayinsa, ka koma gida da dala 20,000 ɗinka.