Me ya sa 'yan kwana-kwana ke huda rufin gida ana tsaka da gobara?

Tambaya: Gobara ta tashi a gidan maƙwabcinmu a nan Jos, sai na ga 'yan kwana-kwana sun jingina tsani sun hau suna ɓamɓare kwano. Wannan ba ƙarin ɓarna ba ne?

Amsa: Malam, ba ɓarna ba ce, amma aiki ne mai sharaɗi. Hayaƙi da zafi sama suke yi, su taru a ƙarƙashin silin. Idan zafin wurin ya doshi digiri 600, katifa da kujeru da labule sai su kama a lokaci guda. Huda rufin yana ba hayaƙin mafita, masu riƙe da mesa a ciki su riƙa ganin gabansu.

Sharaɗin kuwa shi ne ruwa. Da zarar hayaƙi ya samu hanya ta sama, sabuwar iska za ta shigo ta ƙofa, kamar ana yi wa gawayi fifita. In aka huda kafin ruwa ya fara sauka a kan wutar, an ciyar da ita ke nan. Shi ya sa na sama ba ya taɓa kwano sai shugaban aiki ya ba shi umarni. Kuma ba a zuba ruwa ta ramin muddin akwai mutane a ciki, don tururi zai koma kansu.

Tsanin ma da ƙa'idarsa: duk mita 4 na tsawo, a janye ƙafarsa mita 1 daga bango, kansa ya zarce bakin rufi da matakala 3 zuwa 5, wani na riƙe da shi a ƙasa. A kafa na biyu a wani ɓangaren domin gudu. Kafin duk wannan a duba wayoyin lantarki, musamman in tsanin alminiyom ne.

Ramin, kamar mita 1.2 kowane gefe, daidai saman ɗakin da ke ci. Babba ɗaya ya fi ƙanana uku. Mai yankan ya ba iska baya, balle da hunturun Jos. Ba a yanke rafta, wato katakon da ke ɗauke da rufin. In an ɗaga kwanon, sai a soka doguwar sanda a fasa silin, in ba haka ba hayaƙin na nan a kulle.

A ganina, a yawancin gidajenmu rashin hawa ya fi. Kwano ba ya ɗaukar nauyin mutum sai a kan layin ƙusa, katakon da ke ƙarƙashi kuwa wuta na iya cinye shi ba a gani ba. Kwanon da ya lotsa ko fentinsa ya soma kumbura, a bar shi. Farantan sola kuma suna da wutar lantarki matuƙar rana na dukansu, ko da an kashe mita.

Ku maƙwabta kada ku hau, kada ku fasa tagogi. Ku fito da mutane, ku ja ƙofar ɗakin ku rufe, ku kira 112, sannan ku faɗa wa ma'aikatan inda tukunyar gas da man janareta suke.