Ciwon Adison: tunda na ji sauƙi, zan iya daina maganin?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Bara aka gano ina da ciwon Adison, bayan na daɗe ina rama da jiri, fatata kuma ta yi duhu. An ɗora ni kan haidirokotizon da fuludirokotizon, kuma alhamdulillahi na samu sauƙi sosai. Sai dai 'yan'uwa sun matsa min cewa siteroid ne, zai kumbura ni ya cinye min ƙashi, in daina tunda na warke. Kwanaki kuma na yi zazzaɓi da amai, har na kasa tsayuwa sai da aka yi min ƙarin ruwa. Zan iya dainawa ko ragewa? Kuma me ya sa ake son gwada min tayirod, tsokar nan ta gaban wuya, alhali ba ita ke damuna ba?

Amsa: Wa'alaikumussalam, 'yar'uwa, Allah ya ƙara lafiya. Kada ki daina maganin nan, kada ki rage shi da kanki, ko da na kwana ɗaya ne. Sauƙin da kike ji aikin maganin ne, kuma ranar da kika ajiye shi ciwon zai dawo, wataƙila da ƙarfin da ya fi na farko.

A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka da ake kira adirenal, nauyinta bai wuce giram 5 ba. Ita ke samar da kotizol, sinadarin da ke riƙe ƙarfin bugun jini da sukarin jiki, musamman lokacin rashin lafiya ko rauni. Ita ce kuma ke samar da aldositeron, wanda ke hana gishiri da ruwa zurarewa ta fitsari. A ciwon da Tomas Adison, likita a Landan, ya bayyana a 1855, tsokokin nan biyu ne suka lalace, galibi saboda garkuwar jiki ta juya ta far musu, ko kuma saboda tarin fuka. Abin da ya lalace a cikinsu ba ya sake tsirowa. Ramar da kika yi da jirin da ke ɗibarki in kin miƙe tsaye duk daga nan suke. Duhun fata kuwa, wanda ya fi bayyana a layukan tafin hannu da dasashi da tsofaffin tabo, ya samo asali ne daga ƙwaƙwalwa: tana ta aiko da sinadarin da ke umartar adirenal ta yi aiki, ba amsa, sai ya taru a jini ya rina fata.

'Yan'uwanki ba su yi ƙarya ba cewa siteroid na da illa, amma sun ɗora miki hukuncin da ba naki ba. Kumburin fuska da raunin ƙashi da hawan suga suna samun wanda jikinsa ke yin kotizol, aka kuma ƙara masa wani mai yawa a kai na tsawon lokaci don maganin wata cuta. Ke mayar miki ake yi da abin da jikinki ya rasa, haidirokotizon a madadin kotizol, fuludirokotizon a madadin aldositeron, kamar yadda ake bai wa mai ciwon suga insulin. Babban mutum yakan sha miligiram 15 zuwa 25 na haidirokotizon a rana, a raba biyu ko uku, kaso mafi girma da zarar an farka, domin lafiyayyen jiki da sassafe ya fi zuba kotizol. Na ƙarshe kada ya kai dare, don yana hana barci. Idan kika ga kina ƙiba ko fuska ta fara cika, likitanki ne zai duba ko adadin ya yi yawa.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne zazzaɓin da aman nan. Bisa bayaninki, kin shiga ko kin kusa shiga abin da muke kira rikicin adirenal, kuma yana kisa cikin sa'o'i idan ba a yi gaggawa ba. Jikin mai lafiya, da zazzaɓi ya kama shi, yana ninka kotizol da kansa. Naki ba ya iya hakan, don haka ke za ki yi masa da hannunki. Idan ma'aunin zafi ya wuce digiri 38 na Salshiyos, ki ninka haidirokotizon ɗinki biyu har ki warware. Idan ya wuce 39, ana ninkawa uku. Fuludirokotizon ba a ninka shi. Ki nemi likitanki ya rubuta miki wannan tsari a takarda da adadin da ya dace da ke, ki manna ta inda kowa a gida zai gani.

Amai da gudawa su ne babban haɗari, saboda ƙwayar da kika haɗiya ba ta shiga jini. Idan kika amayar da magani jim kaɗan bayan sha, ki sake sha. Idan ya sake dawowa, ko kika ji jiki ya mutu, ga ciwon ciki, ga gumi mai sanyi, magana ta fara ruɗewa, to lokacin allura ya yi: miligiram 100 na haidirokotizon a tsokar cinya ta gefen waje, sannan a nufi asibiti nan take don ƙarin ruwan gishiri. Ba a jira a ga ko za ta lafa. Allura ɗaya da aka yi ba bisa buƙata ba ba za ta cutar da ke ba, wadda aka jinkirta ita ce abin tsoro. Ki mallaki kwalbar allurar da sirinji a jakarki, ki riƙa duba ranar lalacewarta, kuma maigida ko wani babba a gida ya koyi yadda ake haɗa ta da yadda ake yi tun kina lafiya, domin a ranar da ake buƙata hannunki na iya kasa riƙe sirinji. Ki riƙa yawo da kati ko abin hannu da ke cewa kina kan siteroid na dindindin. Ma'aikatan gaggawa da yawa ba su saba ganin ciwon nan ba, kuma katin zai yi magana idan ke kin kasa.

Tiyata, cire haƙori, mummunan rauni da naƙuda duk suna buƙatar ƙarin magani, don haka ki faɗa tun kafin a fara. Ciwon ba ya hana ɗaukar ciki, ana dai ƙara adadin a watannin ƙarshe. Kada ki ƙaurace wa gishiri sai da umarnin likita, musamman lokacin zafi da yawan gumi. Idan kuma aka taɓa rubuta miki rifamfisin na tarin fuka, ki tuna wa likita halin da kike ciki, domin yana sa hanta ta ƙone haidirokotizon da sauri, dole a ƙara adadinsa.

Batun tayirod kuwa, likitanki ya yi daidai. Idan garkuwar jiki ce ta lalata adirenal, sau da yawa ba ta tsayawa nan: tana iya taɓa tayirod, ta kawo ciwon suga nau'i na 1, ko ƙarancin bitamin B12, ko fararen tabo a fata. Alamominsu, irin su kasala da jin sanyi da mutuwar jiki, suna kama da na ciwonki, har a zaci maganinki ne bai isa ba. Shi ya sa ake gwajin jini kamar sau ɗaya a shekara ko da kina jin garau. In gwajin ya nuna tayirod ɗin ta yi rauni, maganinta ƙwaya ɗaya ce a rana, amma sai an tabbatar kina shan haidirokotizon yadda ya kamata kafin a fara shi, domin maganin tayirod yana ƙara saurin ƙonewar kotizol, kuma a jikin da bai da isasshe hakan kaɗai na iya tayar da rikicin da ya kai ki asibiti.