Kyamarar Baba ta ƙi ɗauka, in kwance ta?

Malam, ka ce ka tsinci Canon AE-1 ta marigayi mahaifinka a akwati, ka danna maɓalli shiru. Allah ya jiƙansa. Amma dakata, ajiye sukudireban nan tukuna!

Wannan samfurin na 1976 ba ya ko motsi sai da batir mai lamba 4LR44, ɗakinsa na gaba, gefen gilashi. Buɗe ka leƙa. In ka ga farin gari kamar kanwa a jikin ƙarfen, tsohon batir ne ya zubo. Goge da auduga da ɗigon ruwan khal, ya bushe, ka sa sabo.

Ni garin gaggawa na kwance tawa, wani ɗan sifirin ya yi tsalle ƙarƙashin gado, har yau ban gan shi ba.