Tambaya da Amsa: Yini Guda Tsakanin Abinci da Kasuwannin Alƙahira

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Zan raka mahaifiyata Alƙahira ganin likita, kuma za mu samu yini guda wanda babu zuwa asibiti. Ina so in ɗanɗana abincin Misirawa na ainihi, in kuma yi wa 'yan gida tsaraba ba tare da an tsuga mini kuɗi ba. Ta ina zan fara?
Mai karatu daga Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa a dace da magani.

Ki fara da zaɓen rana, domin shaguna da dama a tsohon birni ba sa buɗewa ranar Lahadi, ranar Juma'a kuwa kasuwa ba ta kankama sai an sauko daga masallaci. Ko a sauran ranaku ma ba a cika buɗe shago kafin hantsi ba, saboda haka ki ba ciki haƙƙinsa tukuna.

Karin kumallon Misirawa shi ne ful, wato wani wake mai faɗi da ake barinsa ya kwana a kan ƙaramar wuta cikin tukunya mai ƙaramin baki. Mai sayarwa zai zura dogon ludayi ya ɗebo, ya dagargaza shi, ya zuba mai da gishiri da lemon tsami, ya miƙo miki tare da gurasarsu da suke kira aish baladi. Ki haɗa da ta'amiyya, wadda ta yi kama da ƙosai, sai dai idan kika ɓara ta za ki ga cikinta kore shar saboda ganyen da ake niƙawa tare da waken. Ki ci a inda kika ga 'yan gari sun yi cincirindo, domin can ne abinci ba ya daɗewa a ajiye. Ruwa kuwa ki tsaya ga na gora, kuma ki yi hattara da ɗanyen ganye.

Daga nan ki nufi unguwar Husaini. Masallacin Azhar, wanda aka aza harsashinsa a shekarar 970, yana tsallaken titi, kasuwar Khan el-Khalili kuma, wadda ta samo asali tun ƙarni na 14, tana jikin masallacin Husaini. A ganina Khan wurin kallo ne fiye da wurin saye. Fitilun tagulla da akwatunan ado da kwalaben turare suna da ban sha'awa, amma farashin farko na baƙi ne, kuma ɗan kasuwa ya san ke baƙuwa ce tun kafin ki buɗe baki. Idan abu ya shiga ranki, ki tambayi kuɗinsa a shago biyu ko uku, ki taya da kusan rabi, ki ƙara kaɗan-kaɗan cikin fara'a, in ya ƙi ki yi sallama ki juya. Sau da yawa kafin ki yi nisa zai kira ki. Shan shayin mai shago ba ya wajabta miki saye. Za'afaran mai arha da ake cika buhu da shi galibi furen wani tsiro ne daban, don haka kada ki biya kuɗin na gaske a kansa.

Tsarabar gaske tana titin Muski, wanda ya miƙe har dandalin Ataba, da kuma Guriyya, inda matan Alƙahira kansu suke sayen abaya da mayafi da zanin gado da tawul na audugar Masar. Cunkoson wurin ba na wasa ba ne, don haka ki rataya jakarki ta gaba, ki riƙe ƙananan kuɗi, domin canji yakan yi wuya. Idan tafiya tana ba Hajiya wahala, gara ta huta a masauki a wannan zango.

Misirawa sukan ci abincin rana wajen la'asar. Ki nemi koshari: shinkafa da makaroni da adas (wani irin ƙaramin wake) a kwano ɗaya, an malala miyar tumatir, an barbaɗa soyayyar albasa. Za ki tarar da kwalabe biyu a kan tebur, ɗaya ruwan tafarnuwa ne mai tsami, ɗaya kuma yaji ne mai zafin gaske, wanda ɗigo kaɗan ya isa. Idan Hajiya tana fama da ciwon suga, a tambayi likitanta kafin ta ci, domin kusan duk abin da ke cikin kwanon sitaci ne. Miyar mulukiyya za ta fi yi mata daɗin baki, tunda ganyen lalo ne da ta sani, ana cin ta da shinkafa da kaza.

Shagunan lemo ma ba za su yi miki baƙunta ba, domin akwai zoɓorodo da tsamiya da goruba, ga kuma ruwan rake da ake matsewa a gabanki, wanda ya kamata ki shanye nan take kafin ya sauya launi. Wajen komawa, idan kin shiga jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa daga tashar Ataba, ki nemi taragon da aka keɓe wa mata a tsakiyar jirgin, musamman da yake za ki kasance ɗauke da kaya.